Takardar Koke Kan Bayanan Aikinmu da Suka Lalace a Sabon Rumbun Kwamfuta

Zuwa ga Mai Girma Babban Kwamishina,
Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta Tarayya,
Titin Aguiyi Ironsi, Maitama, Abuja.

Ranka ya daɗe,

 Mu da muka sa hannu a ƙarshen wannan takarda ƙananan ma'aikata ne na wata hukumar gwamnatin tarayya da ke nan Abuja. Akasarinmu mun yi ritaya, kaɗan suna dab da yi, sai kuma matan abokan aikinmu da Allah Ya yi wa rasuwa da 'ya'yansu. Sunan hukumar da sunayenmu da lambobin fayilolinmu suna cikin ambulan ɗin da muka haɗo a rufe, domin ba tozarta kowa muka zo yi ba. A cikinmu akwai direbobi, masinjoji, masu gadi, masu shara, masu buga rubutu, da kuma akawun rajista, wanda shi 'yan'uwa suka ɗora wa rubuta wannan koke, tunda hannunsa ne ya daɗe yana ɗaukar fayilolin da ake magana a kansu.

Kukan da ya kawo mu ƙofarka shi ne: an kwashe bayanan ma'aikatan hukumarmu daga tsohon rumbun kwamfuta zuwa sabo, garin kwasa namu suka lalace, kuma tun daga ranar aka bar mu da nauyin tabbatar da cewa mu ne mu.

Ka yi mana haƙuri mu fara daga tushe. Da yawanmu a Legas aka ɗauke mu aiki a ƙarshen shekarun 1980. Da fadar gwamnati ta taso zuwa Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, ma'aikatu suka riƙa biyowa ɗaya bayan ɗaya, direbobin cikinmu ne suka jawo manyan motocin da suka kwaso kabad-kabad na fayiloli ta Okene da Lokoja, masinjojin cikinmu suka sauke su a ka. Aka zaunar da mu a Nyanya da Karu da Kubwa. Da aka zo sayar da gidajen gwamnati a tsakiyar shekarun 2000, wanda bai iya saye ba ya gangara Mararaba ko Masaka, wani Gwagwa, wani Karmo, wani Dei-Dei, wani ma har Suleja. Daga can muke yin sammako bayan asuba, har muka cika shekara 35 na aiki ko shekara 60 na haihuwa, kamar yadda ƙa'idar aikin gwamnati ta tanada.

Fayil ɗin ma'aikaci a zamaninmu abu ne mai tsari. Shafin farko takardar ɗaukar aiki ce, sai ta haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, sai ta tabbatarwa a aiki, sai takardun ƙarin girma bi da bi. Kowane shafi sai akawu ya rubuta masa lamba da jan biro a kusurwar sama ta dama kafin ya huda shi ya zura igiyar fayil, ta yadda ko takarda ɗaya aka zare, lamba za ta yi tsalle, asiri ya tonu. Da aka kawo kwamfuta, mu ɗin nan aka zaunar, wannan yana karantowa daga fayil, wannan tana shigarwa, wani na uku yana bin bayansu yana dubawa. Wannan tsohon rumbu ya yi wa hukuma aiki shekara da shekaru. Da shi aka yi ƙarin girma, da shi aka sallami waɗanda suka riga mu ritaya, kuma ba mu taɓa jin ya kashe mai rai ba.

Tantancewa kuwa ba mu taɓa guje mata ba. Da tsarin biyan albashi na IPPIS da aka fara a 2007 ya iso kanmu, mun bi layi mun dangwala yatsu. Da bankuna suka zo da BVN a 2014, mun dangwala. Da hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe sabon rumbunta a 2019, ta ce duk mai tsohon asusu ya je a sake ɗaukar bayanansa tare da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, mun je. A Disambar 2020 aka ce a haɗa layin waya da NIN, muka yini a rana ana tsakiyar korona. A duk waɗannan wurare sunan kowannenmu da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne, kuma sun yi daidai da abin da ke cikin fayil ɗinsa na takarda. Wuri ɗaya tak ya saɓa, shi ne sabon rumbun hukumar da muka ƙarar da ƙuruciyarmu muna yi mata hidima.

A daminar 2023, 'yan makonni bayan cire tallafin man fetur, aka liƙa sanarwa a allon ofis cewa za a rufe tsohon rumbu ranar Juma'a da yamma, a buɗe sabo ranar Litinin da safe. Ranka ya daɗe, ba mu ƙi sauyin ba, kuma har gobe ba mu ƙi shi ba. Mun san manhaja tana tsufa, kamfanin da ya ƙera ta ya daina toshe mata ɓaraka, kamar yadda Microsoft ya janye hannunsa daga SQL Server 2008 a Yulin 2019, aka kuma daina kula da MySQL 5.7 a Oktoban 2023. Tamu ta daɗe da kaiwa wannan matsayi, kuma kwamfutar da ke ɗauke da ita sai an buga gefenta wani lokaci kafin fankarta ta juya. Sauyi ya zama dole. Yadda aka yi shi ne ya jefa mu cikin halin da muke ciki.

Ɓarna ta farko a sunaye ta bayyana. Duk mai suna irin su Mu'azu, Isma'ila, Sa'adatu ko Asma'u, ɗan waƙafin da ke tsakiyar sunansa ya rikiɗe ya zama wasu alamomi uku da ba boko ba, ba ajami ba. Masu ƙa da ɗa da ɓa a sunansu, inda mai buga rubutu ya yi ƙoƙarin sa ƙugiya, suka sami alamar tambaya a gurbin harafin. Dogayen sunaye aka datse musu wutsiya. Waɗanda ke amfani da sunan garinsu a ƙarshe, wasu aka mayar musu da sunan garin gaba, sunan yanka ya koma baya. Mutum zai iya ɗaukar wannan ƙaramin abu, har sai ya kai takardar tarihin aikinsa wurin masu kula da asusun fanshonsa an ce masa sunan da ke kanta bai dace da na NIN ba. Ba mu ga laifinsu ba, doka ce ta hana su taɓa kuɗin mutum sai takardu sun yi daidai.

Ta biyu a kwanakin wata ne. Wani matashin ma'aikaci da ya ji tausayinmu ya raɗa mana cewa ta Excel aka bi da bayanan, a kwamfutar da aka saita irin ta Amurka, mai fara rubuta wata kafin rana. Wanda aka haifa ran 3 ga watan 11 ya koma ran 11 ga watan 3, aka rage masa kusan wata takwas daga wa'adin aikinsa. Wanda kuwa ranarsa ta wuce 12, tunda babu wata na 13, gurbin ya tafi wayam, sai sabon rumbu ya cike shi da ranar da yake sawa in bai sami komai ba. Wani dattijon direba a cikinmu ya taso daga Suleja da sanyin safiya, ya sauya mota a Zuba, ya zauna a benci har bayan azahar kafin a kira shi. Yarinyar da ke kan tebur ta juyo masa da fuskar kwamfuta ta ce, "Baba, duba da idonka, 1 ga Janairu 1900 aka haife ka." Ranar ke nan da Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lokoja. Dukan ofishin aka yi dariya, shi ma ya yi. Dariyar ta tsaya da ya fahimci cewa, da wannan ranar, an aika sunansa cikin waɗanda suka zarce wa'adi, aka tsayar da albashinsa saura masa kusan shekara ya yi ritaya, har ana zancen sai ya mayar da abin da ya karɓa a baya.

Ta uku, lambar asusun banki guda 10 ce tun da aka kawo tsarin NUBAN, kuma da yawa da sifili suke farawa. Sifilin farko ya faɗi a hanya, lambobi suka koma 9. Kuɗin kwashe kaya na mai ritaya, da ariyas na ƙarin girma, duk wanda aka tura sai ya dawo. A takardar ofis kuwa an rubuta an biya.

Ta huɗu ita ce wadda har yanzu ba ma iya faɗarta ba tare da zuciya ta sosu ba. Mutum biyu a hukumarmu sunansu ɗaya, sunan mahaifinsu ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Dukansu kuma takardar rantsuwar shekaru gare su mai ɗauke da 1 ga Janairu, kamar yadda aka saba rubuta wa duk wanda aka haifa a ƙauye ba rajista. Ɗaya maigadi ne da ya rasu yana bakin aiki, ɗaya masinja ne da ke raye. Sabon rumbu ya ɗauke su mutum ɗaya da aka shigar sau biyu, ya haɗe su. Masinjan ya wayi gari a jerin mamata, kuma yana cikin waɗanda suka dangwala hannu a wannan takarda. Iyalan maigadin kuwa aka ce musu babu fayil mai lambarsa. Ga shi doka ta ce inshorar ran ma'aikaci ba za ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, amma ba a biyan magadan mutumin da rumbu bai san ya taɓa rayuwa ba.

A kan magada ma akwai wata. Tsohon rumbu yana da fili na ƙarin bayani, inda muke rubuta sunan mata ta biyu ko ta uku da 'ya'yanta. Sabon gurbin mace ɗaya gare shi, kuma ba a kwaso filin ƙarin bayanin ba. Amaren mamata da 'ya'yansu suka ɓace daga lissafi. Mun san gidan da uwargida da amarya suka zauna lafiya shekaru masu yawa, yau ba sa ga maciji, domin amarya ta ɗauka da gangan aka goge ta. Dattawan unguwa sun shiga tsakani sun gaji, don ba su da abin da za su nuna mata.

Ta ƙarshe ita ta fi shafar yawancinmu, kuma ita ta fi cin kuɗi. Dokar fansho ta 2004 ta kawo tsarin tara kuɗi a asusu, ta 2014 ta mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga gwamnati. Amma mu da muka fara aiki kafin nan muna da haƙƙin shekarun baya, wanda ake lissafawa da ranar fara aiki da matakin albashin da mutum yake kai a ƙarshen Yunin 2004. Ga ƙaramin ma'aikaci, wannan haƙƙi shi ne ƙashin bayan abin da zai tafi da shi gida. To, a wajen kwasa ba a ɗauko tarihin ƙarin girma ba, matakin ƙarshe kawai aka ɗauko, kuma ga mutane da dama ranar ƙarin girman ƙarshe ce ta faɗa gurbin ranar fara aiki. Wata mata da ta yi shekara 35 tana shara, takardarta ta nuna shekara 6. A idon wannan takarda ba ta bin gwamnati ko kwabo na kafin 2004.

Ranka ya daɗe, mu ba masana ba ne, amma 'yar ɗaya daga cikinmu ta karanci kwamfuta kuma irin wannan aiki take yi. Ta zauna da mu a tsakar gidan mahaifinta a Kubwa ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce kafin a taɓa komai sai an ɗauki cikakken kwafi an ajiye, an kuma gwada shi an ga yana buɗuwa. Ta ce manhajar da ta tsufa ƙwarai ba a yi mata tsallen baɗake, hawa-hawa ake bi, har ta ba mu misali da MySQL, wadda masu ita suka ce mai 5.6 sai ya bi ta 5.7 kafin ya kai 8.0. Ta ce tsohon rumbu da sabo sau da yawa ba hanya ɗaya suke ajiye haruffa da kwanakin wata ba, sai an faɗa wa na'ura yadda za ta juya su, in ba haka ba ga irin abin da ke faruwa. Ana fara gwaji a wata kwamfuta ta gefe, a ƙirga mutum nawa suka fita, nawa suka shiga, a zaro fayiloli a gwada su da abin da ke kan allo, sannan a bar tsoho da sabo su yi aiki kafaɗa da kafaɗa na 'yan watanni, da hanyar komawa baya in abu ya ɓaci. Da ta gama, wani tsoho a cikinmu ya ce ai wannan manomin garinsu ma ya san shi: in zai juye hatsi a sabon rumbu, dami-dami yake ƙirgawa, kuma ba ya rushe tsohon sai sabon ya sha damina bai yi yoyo ba. A hukumarmu a kwana biyu aka yi komai, babu akawun rajista ko ɗaya da aka kira ya duba. An fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi tsaya mana a rai cikin maganarta shi ne, gyaran ba mai wuya ba ne muddin tsohon rumbu yana nan. A tayar da shi, a jera shi da sabo, na'urar da kanta za ta fitar da duk inda suka saɓa, fayil ɗin takarda ya raba gardama.

Ba mu zo gare ka ba sai da muka bi duk ƙofofin da ke gabanmu. Tun makon farko muka kai kuka da baki, aka ce mu yi haƙuri, ana kan aiki. Muka koma, aka ce babu netwok. Muka sake komawa, aka ce mai makullin shiga ya tafi kwas. Da hunturun ƙarshen 2023 ya shigo muka rubuta wa daraktan harkokin ma'aikata takarda, aka buga mata hatimin karɓa, kwafinta yana cikin ambulan. Ba amsa. A cikin azumin 2024 muka rubuta wa shugaban hukumar, muka je mu da yawa da bakinmu a bushe, sakatarensa ya fito ya ce an kafa kwamiti. Ba a taɓa kiran ko mutum ɗaya daga cikinmu gaban wannan kwamiti ba. Bayan babbar sallar shekarar muka rubuta a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, muna neman a ba kowannenmu kwafin abin da tsohon rumbu ya ƙunsa a kansa. Kwana 7 suka zama wata 7. Mun bi ta teburin ƙorafi na cikin gida, mun bi ta ƙungiyar ma'aikata, wadda ta yi iya ƙoƙarinta. A farkon 2025 aka kira wakilanmu zama sau ɗaya, inda aka shaida mana cewa ɗan kwangilar da aka ba aikin kwashe bayanan ya gama aikinsa, an ba shi takardar kammalawa, an biya shi, kuma dawo da shi sai an sa kuɗi a kasafin wata shekara.

A wannan zaman ne aka ba mu shawarar da ta sa muka yanke hukuncin rubuto maka. Aka ce, tunda gyara rumbu zai ɗauki lokaci, mafi sauƙi kowa ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya buga canjin suna a jarida, ya je ya sauya NIN da BVN ɗinsa su dace da abin da sabon rumbu ya nuna. Ranka ya daɗe, ana so dattijo mai furfura ya dafa Alƙur'ani, abokan aikinmu Kiristoci su dafa Baibul, su rantse a kan ranar haihuwar da suka san ba tasu ba ce, don na'ura ta yi kuskure. Wanda ya yi haka ya ɗauki zunubi, ya kuma karya doka, gobe in aka tono fayil ɗin takarda shi za a kira maƙaryaci. Mun tambaya, to mai 1900 fa, a kan me zai rantse? Wanda aka ce ya mutu fa? Ba a amsa mana ba. Ba za mu ɓoye maka ba, 'yan kaɗan da yunwa ta ci ƙarfinsu sun bi wannan hanya, yanzu takardunsu sun rabu gida uku, sun fi mu shiga uku.

Duk wannan ya same mu a lokacin da rayuwa ta fi tsanani. Litar man da muke saye ƙasa da naira 200 ta kai 617 a Yulin 2023, ta haura 1,000 a Oktoban 2024, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. Zuwa ɗaya daga Masaka ko Suleja don a ce maka "dawo mako mai zuwa" ya kan cinye cefanen gida na kwanaki. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, mu kuwa ba albashi, ba fansho. Masu gidajen haya sun ɗaga mana ƙafa har sun gaji, wasunmu sun mayar da iyali gida sun koma kwana a shagon ɗan'uwa ko zauren masallaci, don kada su yi nisa da ofis a ce an kira suna ba sa nan. An cire yara daga makaranta. Masu hawan jini da ciwon suga suna raba ƙwaya biyu don ta kai su ƙarshen wata. Keken ɗinki, babur, filin gado a ƙauye, duk an sayar. Matar da ta yi shekara 35 tana shara yanzu awara take soyawa a bakin titi a Mararaba, da ciwon gwiwa. Kuma tun da muka fara wannan zirga-zirga mun raka wasu daga cikinmu makabarta, haƙƙinsu bai zo hannunsu ba, matansu ne suka karɓi gurbinsu a benci.

Abin kunya ne dattijon da ya yi wa ƙasarsa aiki ya riƙa bin 'ya'yan cikinsa a ofis yana "don Allah, ɗana". Mun yi, kuma yaran ba su wulaƙanta mu ba. Hannunsu a ɗaure yake, domin ba a ba su ikon canza ko harafi ɗaya ba.

Mun san doka tana tare da mu. Sashe na 173 na tsarin mulkin 1999 ya hana a riƙe wa ma'aikacin tarayya haƙƙinsa na fansho ko a rage masa shi, sai ta hanyar da doka ta yarda. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, dab da lokacin da aka yi mana wannan aiki, ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutum ya tabbatar daidai suke, ta kuma ba mai su damar neman a gyara. Mun kuma san dokar hukumarka ta ce a kawo koke cikin wata 12, kuma sai mai koke ya bi matakan cikin gida tukuna. Muna roƙon a lura cewa bin sharaɗi na biyu ne ya cinye mana lokacin na farko, sannan cutar da ake yi mana ba ta rana ɗaya ba ce, duk ƙarshen wata sabuwa take dawowa.

Irin wannan tuntuɓe ba a kanmu aka fara shi ba. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan masu ajiya sama da miliyan 5 zuwa sabon tsari, aka gama kwasa sai tsarin ya ƙi aiki yadda ya kamata, mutane suka kasa taɓa kuɗinsu. Shugaban bankin ya sauka a Satumbar shekarar, a Disambar 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65, ban da diyyar fam miliyan 32.7 da ya biya masu ajiya. A kan bankin aka ɗora nauyin gyara. A nan gida ma, da wasu bankuna suka sauya tsarinsu a ƙarshen 2024, jama'a sun sha wuya, amma aka tsaya aka gyara, don masu ajiya suna da murya. Mu ba tara muke nema a ci kowa ba, ba kuma so muke a kori wani daga aiki ba.

Abin da ya sa muke cewa a gaggauta shi ne halin da shaidarmu take ciki. Tsohuwar kwamfutar tana sito a ƙasan bene, an ɗora mata karyayyun kujeru, kuma kwanan nan mun ga an shafa mata lamba da farin fenti tare da sauran kayan da ake shirin yin gwanjonsu. In ta fita, ƙarshenta hannun 'yan gwangwan, su fasa ta su auna a kilo. Fayilolin takarda kuwa an kwashe su daga rajista tun da aka ce an daina aiki da takarda, an zuba su a buhuna a wani ɗaki mai yoyo. Akawun rajista ya samu ya leƙa, ya ɗaga buhun da ke ƙasa, gara ta zubo. Wasu fayilolin sun manne, in ka buɗe sai shafi ya biyo ɗan'uwansa, jar lambar ta narke. Mafi yawansu dai har yanzu ana iya karanta su.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙon kafin komai ka sa a dakatar da gwanjon wannan kwamfuta, a kulle ta, a ɗauki kwafin abin da ke cikinta a gaban jami'an hukumarka, a kuma ɗaga fayilolin nan daga ƙasa zuwa busasshen wuri kafin wata damina. Muna roƙon ka nemi hukumarmu ta kawo maka takardar kwangilar, da rahoton gwajin da aka yi kafin sauyin, da rahoton kwamitin da aka ce an kafa, tunda doka ta ba ka ikon neman bayani kuma ta wajabta a amsa maka. Muna roƙon a sa ƙwararren da ba shi da hannu a aikin farko ya jera tsoho da sabo, a gyara na kowa gaba ɗaya, har da na ma'aikatan da ke ciki yanzu waɗanda ba su san nasu ya ɓaci ba sai ranar da suka zo ritaya. Kafin a kammala wannan, muna roƙon a ba kowannenmu takardar tarihin aiki da aka rubuta daga fayil ɗinsa na takarda, da sa hannun jami'in da doka ta yarda da shi, domin mu kai wa masu fansho su ci gaba da aikinsu. A sake wa direban nan albashinsa, a cire masinjan nan daga jerin mamata, a dawo da fayil ɗin maigadi, a mayar da sunayen amare da marayunsu. Waɗanda kuma aka tura suka yi rantsuwa a kan kuskure, a taimaka musu su dawo kan gaskiyar takardunsu ba tare da an hukunta su ba.

An kafa hukumarka a 1975, zamanin marigayi Janar Murtala Muhammad, shugaban da ya sa hannu a dokar kafa birnin Abuja a Fabrairun 1976, kuma marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, shi ya fara zama a kujerar da kake kai. Manyanmu a wurin aiki sun sha gaya mana cewa an yi ta ne domin wanda ba shi da kuɗin lauya, kuma ba shi da kowa a sama. Mun tabbata takarda ɗaya daga ofishinka za ta buɗe ƙofar da muka yi shekaru muna ƙwanƙwasawa.

Duk ranar da jami'anka suka shirya, akawun rajista a shirye yake ya yi musu jagora. Ya san ɗakin, ya san buhunan, kuma ya san rubutun hannunsa a kan kowane fayil.

Allah Ya ja zamaninka.

Mu ne naka masu biyayya,
Tsofaffin ma'aikata da magadan mamata da sunayensu ke cikin ambulan. Waɗanda ciwo ya hana su riƙe biro, an kai musu takardar har gida sun dangwala babban yatsa.